Yadda Fim Ɗin Kwamfuta Ya Aske Mu a Sabon Gari

Na manta abubuwa da dama a rayuwata, har da waɗanda bai kamata mutum ya manta ba. Amma akwai wata Asabar guda da ta zauna daram a kaina, kuma na tabbata ko tsufa ya kwashe mini komai, ita sai ta rage.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Samaru, shekaruna talatin da 'yan kai, ban yi aure ba. Zamanin ne wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka, faifai kuma ya fara korar kaset daga kasuwa. Abin da aka fi sanina da shi a unguwa ba ilimi ba ne, ba kuma hali ba. Gashin baki ne. Ina da wani gashin baki baƙi wuluk, mai kauri, wanda gefensa biyu suka lanƙwasa sama. Kullum da safe sai na shafa masa mai na taje shi da ɗan matajinsa na musamman. Idan ɗalibai suka cika surutu ba na ɗaga murya, murza gefe ɗaya kawai nake yi, aji ya yi tsit.

Abin da ɗaliban ba su sani ba shi ne, a littafin yara na kwaikwayo shi. Muna ƙanana akwai wasu littattafan zane na wani jarumi da ake zubawa a ƙasa ana sayarwa a bakin titin jami'a. Da rana mai gyaran agogo ne, mutum shiru-shiru, amma da zarar mugaye sun taso sai ya murza gashin bakinsa, ya zura shuɗiyar riga, ya ɗaga tirela da hannu ɗaya. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin harshenmu, don haka Mai Gashin Baki kawai muke ce masa. Daga baya aka yi finafinansa guda uku da mutane na gaske, wani ƙaton Bature ya fito a matsayinsa. Mun kalli kaset ɗin nan har hoton ya koma kamar ana ruwan sama a cikinsa.

A gidan wani abokina muke kallo, don su kaɗai ke da bidiyo a layinmu. Kirista ne, iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, babansa malamin firamare. Tare muka tashi, tare muka sha bulala, har muka girma ba mu rabu ba. Shi ya buɗe shagon kwamfuta a Samaru inda ɗalibai ke buga takardu. Shi ma yana da gashin baki, amma siriri, kamar an ja layi da fensir, kuma ban taɓa barinsa ya huta da tsiya a kai ba.

Wata Juma'a da la'asar sai ga shi a ɗakina da faifai a hannu, yana haki.

"Malam, an dawo da mutuminka!"

Bayan shekaru masu yawa babu labarinsa, an sake yin sabon fim ɗin Mai Gashin Baki. Ban san lokacin da na ture takardun jarrabawar da nake dubawa ba. Muka saka faifan. Irin wanda ake ɗauka a ɓoye a gidan sinima ne, hoton dishi-dishi, kawunan mutane na giftawa, wani ma yana ta tari a gefe. Amma da jarumin ya juyo ya yi magana, sai na matsa kusa da talabijin. Muryar nan ce dai, ba ta canja ba. Na koma ɗan shekara goma sha biyu a kan tabarmar gidansu abokina.

Na ce, "Allah mai iko! Dubi bawan Allahn nan, ko tsufa bai yi ba."

Abokina ya kalle ni. "Wane bawan Allah? Ai babu mutum ko ɗaya a fim ɗin nan. Kwamfuta ce ta zana komai."

Raina ya ɓaci kamar ya zagi wani nawa. Na ce ni na san katun, katun shi ne irin wanda yara ke kallo, ɓera na bin kyanwa da guduma. Wannan kuwa ga inuwa, ga gumi, ga gashi yana motsi. Ya ce shi da kwamfuta yake cin abinci, ya san abin da yake faɗa. Na ce buga takardar ɗalibai daban, sanin mutum daban. Muka yi ta yi har maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Da musun ya kai inda ya kai, sai bakina ya furta abin da har yau nake mamakin yadda aka yi ya fito.

"Idan ba mutum ba ne, a aske mini gashin baki. Idan kuma mutum ne, a share wannan layin fensir ɗin naka."

Ya miƙo hannu muka tafa. Muka yarda cewa mai shagon da ya sayar da faifan a Sabon Gari shi zai raba gardama, washegari.

Washegarin nan kuwa ba ranar wasa ba ce. Ranar ce aka tsayar zan je Muchiya in gaida yayan mahaifin yarinyar da nake nema. Mahaifinta ya riga ya ce shi ba shi da ta cewa, duk abin da yayansa ya yanke shi ke nan. Dattijon bai taɓa ganina ba, kuma an ce mini mutum ne mai tsauri, ya taɓa korar wani manemi saboda ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mai hankali da ya ɗage maganar fim zuwa wani mako. Ni kuwa lissafina shi ne, tunda hanya ɗaya ce, mu biya ta kasuwa a aske abokina, sannan ya raka ni gidan surukai da fuska fayau, ni kuma ina murza nawa.

Na sha shadda fara ƙal, na kafa hula, muka hau bas zuwa Sabon Gari. Mai shagon Ibo ne, amma haifaffen Unguwar Gabas, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Kowa Oga yake ce masa. Ya saurare mu yana jujjuya kai, sannan ya ce, "Wannan na jiya ai na masu gaggawa ne. Mai kyau ya iso da safen nan, har da yadda aka haɗa fim ɗin a ƙarshensa. Ku zauna."

Kafin ya gama saka faifan, mai gyaran rediyo na kusa da wata mata mai sayar da ayaba da masu acaɓa biyu sun taru a bakin shagon, don abokina ya tabbatar kowa ya ji sharaɗin.

Abin da na gani a ƙaramar talabijin ɗin Oga bai yi mini daɗi ba. Wani saurayi ne siriri a gaban kwamfuta, ga kan jarumina a allo, babu fata, babu ido, sai zare-zare kamar ragar kamun kifi. Yaron ya danna wani abu, fata ta rufe shi. Ya sake dannawa, ido ya fito. Sannan ya kama gashin bakin, wanda na yi shekaru ina kwaikwayo, ya ja shi har ya kai kunne, ya mayar, ya cire shi gaba ɗaya, ya sake mannawa, yana dariya. Mai ayaba ta ce, "Wayyo, Malam, sannu."

Daga nan aka nuno wani tsoho mai tumbi, kansa babu gashi ko ɗaya, yana zaune a gaban makirfo da tabarau a kan hanci. Ya buɗe baki, sai ga muryar jarumina. Shi ne ƙaton Baturen nan na da. Leɓensa na sama fes, kamar bai taɓa sanin gashi ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa shi ma yana tsufa kamar kowa ba.

Amma taurin kai bai bar ni ba. Na miƙe na ce, "To ai ga shi nan! Muryarsa ce. Ke nan akwai mutum a ciki."

Aka kaure da hayaniya, masu acaɓa suka rabu biyu. Oga ya ɗaga hannu kamar alƙali. "Ku tsaya. Jiki na kwamfuta ne, murya ta mutum ce. Malam ya faɗi, amma bai faɗi duka ba. A aske rabi."

Wallahi a lokacin murna na yi. Na ɗauka sassauci aka yi mini. Sai da mai askin da ke bayan shagon ya kunna injinsa ya share ɓangaren dama, ya miƙo mini madubi, sannan na gane irin hukuncin da aka yanke mini. Gefe ɗaya malamin makaranta, gefe ɗaya ɗan aji uku. Abokina ya durƙusa yana riƙe da ciki. Ni da bakina na roƙi mai askin ya ƙarasa sauran.

Fuskar da ta fito ban san ta ba. Wurin ya yi fari, leɓena ya yi wani tsawo, iska tana taɓa inda ta shekara goma ba ta taɓa ba. Na ce a fasa zuwa Muchiya. Abokina ya ce dattijo yana can yana jira, kuma rashin zuwa ya fi rashin gashi muni. Haka muka tafi, hannuna a kan baki kamar mai ciwon haƙori.

Muka tarar da dattijon a falonsa, dogo, fari, da carbi a hannu. Ya yi aiki shekaru da yawa a wurin binciken dabbobi da ke Shika kafin ya yi ritaya. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi abokina, ya sake duban abokina, sai fuskarsa ta saki. Ashe abu ɗaya aka faɗa masa game da ni, cewa mai gashin baki ne.

Ya kira abokina da sunana, ya nuna masa kujera kusa da shi. "Zauna nan, ɗana. Sun ce mini gashin bakin ƙato ne, ashe ma daidai misali. Mutane da ƙari." Sannan ya nuna ni da carbi. "Wannan ƙanenka ne? Aji nawa yake?"

Abokina ya buɗe baki zai gyara, amma dattijon irin mutanen nan ne da in suka yi tambaya su ke ba kansu amsa. Ya wuce kan labarin tarbiyyar 'yarsu, daga nan ya faɗa tsadar dusa. Ni kuma kunyar suruki ta ɗaure mini harshe, kaina a ƙasa. Can sai ya leƙa taga ya ce, "Kai yaro, tashi maza ka kore mini awakin can, za su cinye shanyar barkono."

Na tashi. Har yau in na tuna sai in rufe ido. Ni da nake murza gashin baki aji ya yi tsit, ga ni cikin farar shadda ina zagaye tsakar gidan surukaina ina "kur, kur" da awaki uku. Ɗaya ma ta bi ta tsakanin ƙafafuna.

Ina dawowa aka kira la'asar. Dattijon ya tura wa abokina buta ya ce, "Bismillah, yi alwala, yau kai za ka ja mu."

Abokina ya ce, "Baba, ni fa Kirista ne."

Carbin ya tsaya cak.

"Kirista?"

"E, Baba. Tun haihuwa."

"Ita yarinyar ta sani?"

"Ta sani mana, Baba. Ko bara ta ci shinkafar Kirsimeti a gidanmu."

Yarinyar dama tana cikin gidan a ranar. Dattijon ya miƙe tsaye ya ƙwala mata kira da wata murya da ta sa awakin da na kora suka sake watsewa. A nan ne na ga aurena yana shirin tashi a gaban idona. Na zube a ƙasa na ce, "Baba, ni ne. Ni ne mai neman. Wannan abokina ne, rakiya ya yi mini."

"Kai? Ina gashin bakin?"

Daidai lokacin ta shigo da tiren ruwa. Ta dubi abokina ta gaishe shi, ta dube ni za ta wuce, sai ta tsaya. Ta ƙura mini ido. Tiren ya fara rawa, kofuna suna karo da juna. Ta dire shi a ƙasa, ta toshe baki da mayafi, ta ce, "Baba, shi ne," ta fita da gudu. Muna jin dariyarta daga can cikin gida, da ta sauran matan da ta kai wa labari.

Bayan mun idar da salla, abokina na zaune a gefe yana jiranmu, dattijon ya ce in yi masa bayani. Babu ƙaryar da ta zo mini, don haka na faɗi gaskiya tun daga littattafan zane har zuwa hukuncin Oga. Ina magana ina jin yadda labarin yake ƙara zama na marasa hankali. Ya tambaya ko kuɗi muka sa, na ce a'a, gashi ne kawai. Ya ce da sauƙi. Sannan ya ce, "Ina fim ɗin?"

Faifan jiya, mai dishi-dishin nan, yana aljihuna. Akwai na'urar kallo a falon, wadda yake kallon wa'azi da namun daji da ita. Aka saka. Ya ɗauko tabarau, ya jawo kujera har gaban talabijin, ya yi kusan minti goma yana kallo. Da jarumin ya ɗaga wata motar bas, sai na ji ya ce, "Kai, kai, kai."

Ya cire tabarau ya juyo. "Wa ya ce wannan ba mutum ba ne?"

Abokina ya ɗaga hannu a hankali.

"Ɗana, na ƙare ƙuruciyata ina duba dabbobi. Daga nesa nake gane mai rai. Dubi haƙarƙarinsa, yana numfashi. Dubi yadda yake ƙifta ido. Inji ne zai yi wannan? An zalunci yaron nan, an aske shi a banza."

"Baba, ai a wajen Oga mun ga yadda..."

"Mai sayar da faifai zai koya mini abu mai rai?" Ya juyo gare ni. "Kai da abin ya shafa, me ka ce?"

Wannan ita ce gaɓar da ta fi tsaya mini a rai. Na san gaskiya. Da idona na ga ana cire gashin bakin ana mayarwa. Amma ga dattijon da aurena ke hannunsa ya tsaya a bayana, karo na farko tun shigowarmu yana kallona kamar mutum. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, abin da ka gani shi ne daidai."

Ya ce to adalci ɗaya ne, sharaɗi sharaɗi ne. Ya aika aka kira wanzamin da ke maƙwabtaka da shi.

Abokina ya dube ni. Na kasa haɗa ido da shi. Yana iya cewa a je a ɗauko faifan Oga, tafiyar minti kaɗan ce a kan acaɓa, kuma da an ɗauko, da dattijon ya ji kunya a gidansa, ni kuma na tabbata maƙaryaci a ranar farko. Sai kawai ya gyara zama a kan tabarma, ya ɗaga haɓa, ya ce, "Baba ya fi mu sani. A aske." Aska biyu wanzamin ya ja, layin fensir ya tafi.

Dattijon ya yi ta fara'a. Ya sa aka kawo mana tuwo, ya ce abokina yaro ne mai karɓar gaskiya, irinsu sun yi ƙaranci. Da zai sallame mu ya ce in turo manyana.

Muka hau bas ɗin komawa Samaru. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa, manyan mutane biyu da leɓe fari tas. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta yi ta kallonmu, daga ƙarshe ta tambaya ko wata cuta ce ke yawo. Abokina ne ya fara fashewa, ni ma na bi, har kwandasta ya juyo. Da muka lafa na ce masa ya yafe mini.

Ya ce, "Rabu da shi, Malam. Nawa sati biyu ya dawo, dama ba yawa gare shi ba. Amma ka sani, ranar biki ni ne babban aboki, kuma cinyar kaza tawa ce."

Aka yi biki bayan watanni, ya ci cinyarsa. Sai da aka shekara na samu ƙarfin halin zuwa in faɗa wa dattijon gaskiya, har da faifan Oga na tafi masa da shi. Ya kalla tsaf, ya ce wannan ƙarshen shi ne na kwamfuta, sun haɗa ne don su ruɗi mutane, kuma ya yi mamakin yadda mai ilimi kamata ya bari aka juya masa tunani. Har Allah ya karɓi ransa bai sauka daga kan wannan ba.

Abin da ranar nan ta koya mini bai zo mini a lokaci ɗaya ba. Da farko na ɗauka darasin shi ne kada mutum ya yi rantsuwa a kan abin da ƙauna ta rufe masa ido. Wannan ma gaskiya ne. Amma da shekaru suka ja, sai na ga babban abin yana wani wuri. Ni ina kan kuskure, na karɓi nasarar da ba tawa ba don tsoro. Shi yana kan gaskiya, hujja na nan kusa, ya ajiye ta ya miƙa fuskarsa don kada in kunyata. Tun daga lokacin, duk sanda musu ya haɗa ni da wani na ga ina gab da cin nasara, nakan tsaya in tambayi kaina wa zai biya kuɗin wannan nasarar, kuma ko ta kai a ɓata wa mutum rai saboda ita. Sau da yawa sai in ga ba ta kai ba, in ja bakina in yi shiru.